Zaren Gwaggo Zuwaira da Tayoyin Armaya'u

Safana, 6 ga Safar

Zuwa ga ɗana Armaya'u, a Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na gareji. Mu nan alhamdu lillahi. Gero ya nuna, an fara yanka a gonakin da ke jikin gari. Na nesa kuwa ba mai zuwa, ka san dalili.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke mana layin waya na koma ga ajamina, na san kuma ba ka manta karatunsa ba, don ni na fara ɗora maka. Ɗanmaraya direba ya ce yana bi ta kusa da garejinku duk mako, shi na ba.

Ranar Talata na je Batsari na duba Yaya Malam, mahaifinka. Jikinsa da sauƙi, amma yanar ido ta rufe mashi gani. Ƙanwarka Mubina ta ja ni gefe ta ce rannan ta kai mashi ruwa a zaure, ta tarar yana ba manyan ɗalibai karatu da ka, littafin kuwa a juye yake a hannunsa. Ba wanda ya iya gaya mashi. Likitan ido a Katsina ya ce za a yi aiki ran ashirin da biyar ga Rabi'ul Awwal, ya ce kuma a dawowa ba a son ƙura, ba a son jijjiga. Ka san motocin hayarmu yanzu, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, da buhu a kan cinya.

Ban manta abin da ke tsakaninku ba. Ina nan ranar bikin abokinka, da kake juya mota a filin makaranta, suɗaɗɗiyar tayarka ta fashe, motar ta kwashi Gambo mai shayi ta karya mashi ƙafa. Da kunnena na ji mahaifinka ya ce wallahi motarka ba ta ƙara tsayawa a ƙofar gidansa. Shekara huɗu ke nan ba ka taka Batsari ba, shi kuma bai ambaci sunanka ba.

Ban ce ka zo ba, ban kuma ce kada ka zo ba. Na dai ga bai halatta in san wannan in ɓoye maka ba.

Allah shi yi maka albarka.

Gwaggonka, Zuwaira

*

Kaduna, 12 ga Safar

Zuwa ga Gwaggo.

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki, da Baba na Safana, da yaran gida. Ina lafiya. Takardarki sau uku na karanta ta, na farko da ƙyar, don ajamin ya yi mini tsatsa.

Gwaggo, zan zo. Ni zan kai Malam Katsina, ni zan dawo da shi.

Kuma da motata zan zo. Na san za ki ce in ari ta wani. Na yi tunanin haka. Amma gyaran irin waɗannan motocin shi ne sana'ata, da ita nake ci, da ita nake sha. In na zo cikin motar aro, kamar na ce masa na zama wani mutum ne daban. Wasan mota na bar shi tun ranar Gambo, Allah ne shaida. Motar dai ba ta canza ba: ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusa da ƙasa kamar ƙadangare.

Ga inda nake neman taimakonki. Tayoyin da ke jikinta na fili ne, sumul suke, ba su da zane, ba zan ɗora mahaifina a kansu ba. Dole in sayi na titi, kuma iri biyu ne a gabana. Akwai sirara, masu ɗan gajeren gefe, suna riƙe kwalta sosai, su suka fi dacewa da motar, amma duk ramin da aka taka sai mutum ya ji shi a haƙoransa. Akwai masu kauri, sai na sauya mata wili ƙarami, wato ƙarfen da taya ke hawa, kafin su shiga. Suna rage mata kyau, yaran gareji har sun fara yi mini dariya wai zan sa wa amarya takalmin noma. Amma suna shanye jijjiga, suna kuma ɗaga cikinta daga inci biyar zuwa shida.

Kwalta daga Katsina zuwa Batsari ba ta dame ni ba. Lungunmu ne damuwata, daga teburin Gambo zuwa ƙofar gida. Duk damina a-kori-kura na haƙa rami biyu, su bar doro a tsakiya. In doron ya fi ƙarfin motar, zai fasa tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, mu tsaya a nan. Don Allah ki sa wani ya auna mini tsayinsa a inda ya fi tudu.

Kada ki gaya wa Malam tukuna.

Ɗanki, Armaya'u

*

Batsari, 19 ga Safar

Ɗana Armaya'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na zo Batsari jiya, zan yi kwanaki. Malam lafiya, ya ci tuwo sosai. Mubina na gaishe ka, ta ce in gaya maka ta yi fushi, amma ka taho mata da turare.

Ka ce in sa wani ya auna. Wa zan sa? Duk wanda na sa, kafin la'asar magana ta kai zaure. Don haka da hantsi na ɗauki sandar Malam ta ajiya da zaren ɗinkin hulata na fita da kaina.

Wurin ya fi tudu daidai bakin gidan mai nika. Na gicciya sandar a kan doron, na saki zare daga jikinta zuwa gindin ramin. Sandar ta ƙi tsayawa daidai, tana rinjaya gefe ɗaya. Mata na wucewa suna cewa, "Malama, me ya faɗi?" Na ce ba abin da ya faɗi, awo nake. Ba su ƙara tambaya ba, ni kuma ban yi ƙarya ba.

Ina tsugune sai na ji takun mutum, ɗaya da nauyi ɗaya ba nauyi. Gambo ne. Ya tsaya a kaina ya ce, "Malama Zuwaira, gwamnati ta ba ki kwangilar titi ne?"

Na ce, "Riƙe mini sandar nan, Gambo."

Ya riƙe. Ya dubi ramin, ya dubi zaren. Can ya ce, "Mota ɗaya na sani a duniya da za a yi wa wannan awon."

Na kasa ɗaga kai. Sai ya yi dariya ya ce, "Ki ce mashi in zai zo, ya zo da taya mai zane. Ƙafa ɗaya ta rage mini, ina sonta." Ya ce kuma shi ya yafe tun yana kwance wurin mai ɗori, mutane ne ba su tambaye shi ba. In ka zo, teburinsa za ka fara tsayawa, kafin gida. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Ga zaren nan cikin takarda. Tsayinsa shi ne tsayin doron. Sau uku na auna.

Ban san taya ba, amma na san tsufa. In masu kaurin sun fi tausayin ƙashin baya, su nake so, a bar yara su yi dariyarsu. Kada ka sayi na hannu komai kyansu. Na ji an ce ana rubuta shekarar da aka ƙera taya a jikinta, to ka duba da idonka, kada ka tsaya ga rantsuwar mai sayarwa. Kuma wane launi ne motar? In ja ce mai ɗaukar ido, hankalina ba zai kwanta ba, ka san hanyoyinmu. Ka biyo ta Katsina, da rana tsaka, cikin ayarin motoci.

Abu ɗaya ke damuna. Ina ci a gidan yayana, ina kwana a gidansa, ina ƙulla abu a bayansa. Zan yi shiru kamar yadda ka roƙa, amma in ya tambaye ni, zan faɗa.

Gwaggonka, Zuwaira

*

Batsari, 8 ga Rabi'ul Awwal

Armaya'u,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. Mu lafiya lau.

Yau kwana goma sha tara da na aika maka zare. Sau biyu Ɗanmaraya na dawowa hannu wofi. Na tsare shi a tasha na ce ko dai takardar ta faɗi ne? Ya rantse hannu da hannu ya ba ka. Ya ce a gabansa ka buɗe, kana murmushi, ka ɗauko abin awo ka shimfiɗa zaren a kan bencin gareji, daga nan fuskarka ta sauya, ko sallama ba ka yi mashi ba.

Na yi ta bin takardar a raina, layi layi, ina neman inda na ɓata maka. Maganar Gambo ce? Da wasa ya yi ta, da ka ga fuskarsa.

Saura kwana goma sha bakwai. Malam ya fara cewa a bar aikin, wai abin da ya gani a duniya ya ishe shi. Jiya ya yi tuntuɓe da buta a tsakar gida, ya zauna a ƙasa ya daɗe bai tashi ba, ba don ya ji ciwo ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Gwaggonka

*

Kaduna, 13 ga Rabi'ul Awwal

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ki gafarce ni. Na fara takarda ta fi biyar ina yagawa.

Na kwance ƙullin zaren na miƙe shi a kan abin awo. Inci goma sha ɗaya. Gwaggo, a lungun nan na yi rarrafe. Ba a taɓa yin doro mai inci goma sha ɗaya a cikinsa ba, ko a-kori-kura sai ta rataye. Ba tayar da za ta ɗaga motata haka a duk kasuwar Kaduna.

Sai na zauna na yi tunani. Tun ina yaro ba ki taɓa ce mini a'a da baki ba. In ba ki son in fita, sai ki ce kamar hadari na haɗowa. Na gane Malam ya ji labari ya ƙi, ke kuma kin rasa yadda za ki faɗa mini, sai kika bar zare ya faɗa.

Ba komai. Na yi magana da wani abokina mai doguwar mota, zai aiko direbansa ran ashirin da huɗu. Kada a ce daga wurina ne. Masu kaurin na riga na ware su a shago, sababbi, na bana, zan ce a mayar.

Launinta toka-toka ne, tunda kin tambaya. Ga zarenki na dawo miki da shi.

Armaya'u

*

Batsari, 18 ga Rabi'ul Awwal

Ɗana Armaya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya. Yau gaisuwar gajera ce, don Ɗanmaraya na jira a waje da inji a kunne.

Da na buɗe takardarka zaren ya faɗo a cinyata, sai na ga abin da ka yi. Wa ya ce ka kwance? Ninki biyu na aiko maka shi, bakin biyu a ƙulle, yadda ake zura shi a allura. Shekara talatin ina ɗinkin hula, hannuna bai san zare falle ɗaya ba, da na jawo sai in ninka in ƙulle. Haka na auna, haka na yanke. Ban rubuta maka ba don ban taɓa zaton akwai mai ganin zare a ƙulle ya kwance shi ba. Mubina ta ce, "Gwaggo, makaniki ne fa, duk abin da ya gani a ɗaure sai ya kwance." Laifina ne. Ka raba lissafinka biyu: inci biyar da rabi. Sirara ba za su wuce ba. Masu kauri za su wuce, da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan yi mini ciwo. Ka zaci zan yanke zaren ƙarya in ce maka sau uku na auna? Gaskiya ne ina kewaye-kewaye, haka Allah ya yi ni. Amma ran da na ce maka hadari na haɗowa, ka tuna, akwai hadarin.

Wannan ya sa na ga ɓoye-ɓoyen ya isa. Ka yafe mini, na karya alkawarinka. Shekaranjiya bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, na shiga zaure na zauna bakin tabarma na ce, "Yaya, na yi maka laifi."

Ya ce, "Na sandata? Na ji ƙasa a jikinta."

Na gaya mashi duka, tun daga takardar farko. Na karanta mashi taka, har da wurin takalmin noma. Bai yi dariya ba. Da na zo inda ka ce ba za ka ɗora mahaifinka a kan taya marar zane ba, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Na gaya mashi maganar Gambo. Na gaya mashi ta zare, da direban da za ka aiko a ɓoye.

Ya ce, "Zuwaira, kin san na rantse."

Na ce na sani.

Ya ce, "Da sunan Allah na rantse, ba da rawanina ba."

Na ce na sani, Yaya. Ya juya carbinsa. Na tashi, na ce a raina na ɓata abin da nake gyarawa.

Jiya da safe ina shara sai ya kira ni. Ya ce, "Buɗe rumbu. Ki auna mini gero mudu goma, kowane mudu da ƙullinsa daban. Ki cika, kada ki shafe baki." Sannan ya lissafa mini gidaje goma, yawancinsu mutanen Ruma ne da suka gudo suke zaune bayan kasuwa.

Armaya'u, kai ɗan malamai ne, ba sai na fassara maka ba. Ba zakka ba ce, ba a gama girbi ba. Miskinai goma, mudu goma. Kaffarar rantsuwa ce. Ya biya ta tun kafin motarka ta taso.

Na auna. Na cika kowanne har yana zuba. Da na gama na ce, "Yaya, in rubuta mashi me?" Ya ce, "Ni na ce ki rubuta wani abu? Ki dai ce likita ba ya jira."

To, likita ba ya jira. Ka sallami direban abokinka. Ka koma shago kafin a sayar da masu kaurin.

Ni gobe zan koma Safana, kuma da gangan. Ka ce kujera biyu ce. Na ga hikimar Allah a cikin wannan: daga Batsari zuwa Katsina ba gwaggo a tsakani, ba Mubina, sai kai da shi.

Allah shi kawo ka lafiya, shi tsare hanya gaba da baya.

Gwaggonka, Zuwaira

*

Katsina, 27 ga Rabi'ul Awwal

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da babbar murya. An yi aiki, an dace. Alhamdu lillahi.

Na iso ran ashirin da huɗu da azahar. Na fara tsayawa wurin Gambo kamar yadda kika ce. Na durƙusa zan yi magana, ya ce in tashi kada in kore masa masu shayi. Ya zagaya motar yana dogara ƙafa, ya danna kowace taya da babban yatsa, ya ce, "Yanzu ka yi hankali." Shi ya shige gaba a lungu yana yi mini alama da hannu. A bakin gidan mai nika na ji doron ya shafi cikinta, shafa ɗaya kamar an ja tsintsiya. Muka wuce. Awonki daidai ne.

Malam na zaure. Na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ya ce a kama hannunsa a kai shi wurin motar. Ya tsuguna ya lalubi taya, ya zura yatsa cikin zanen, ya bi shi har ƙasa. Ya ce, "Duka huɗun haka suke?" Na ce duka. Sai da ya taɓa huɗun.

Da safe muka kama hanya. Ina tafiya a hankali, ina kauce wa kowane rami, ba mai magana. Ni tsoro, shi ban san me ba. Mun yi nisa sai ya ce, "Armaya'u." Rabon da in ji sunana a bakinsa shekara huɗu. Na ce na'am. Ya ce, "Motar da aka yi ta ba ni labari ke nan? Tun ɗazu nake jin masu babur na wuce mu. Likita ƙarfe goma ya ce."

Gwaggo, dariya na yi har sai da na share ido. Daga nan magana ta buɗe. Abin da muka faɗa zan bar shi tsakaninmu, kin ce ba gwaggo a tsakani.

Jiya aka cire masa bandeji. Ya daɗe yana kallona, ya ce na yi furfura a gemu ban nemi izini ba. Gobe za mu koma gida, a hankali, ko zai yi faɗa.

Ɗanki, Armaya'u

*

Safana, 2 ga Rabi'us Sani

Ɗana Armaya'u,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta same ni ina tsakiyar ba mata karatu. Na karanta, na yi sujada a gabansu, suka yi ta tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce kusan haka.

Ka gaishe da Yaya Malam, ka ce ya bi dokar likita, kada ya buɗe littafi sai an ba shi izini. In ya buɗe kuma, yanzu dai zai gane samansa da ƙasansa da kansa.

Mubina ta aiko cewa za ka ƙara mako guda. To, ga wata 'yar magana. Gwaggonka ba ta taɓa shiga mota mai kujera biyu ba. Ban ce ka zo ba. Amma akwai ɗan tudu a ƙofar gidanmu, na auna shi da safen nan, sau uku.

Ga zaren nan. Ninki biyu ne. Kada ka kwance.

Gwaggonka, Zuwaira